Sulhun da Aka Ƙulla a Bayan Idon Bayi

A watan Satumba na 1850 Majalisar Dokokin Amurka ta zartar da doka kan kamo bayin da suka tsere. Dokar ta ba wasu kwamishinoni na tarayya ikon sauraron duk wanda ya zo ya nuna wani baƙar fata ya ce bawansa ne da ya gudu. Idan kwamishina ya yanke cewa lallai bawa ne, ya damƙa shi a hannun mai da'awa, ladan aikinsa dala 10. Idan kuwa ya duba ya ga hujja ba ta isa ba ya sallami mutumin, ladansa dala 5. Wanda aka kamo ba shi da izinin buɗe baki ya ba da shaida don kare kansa. Duk wanda ya ɓoye shi ko ya taimaka masa ya sulale, tarar da za ta iya kai dala 1,000 na jiransa, ga ɗaurin da zai iya kai wata 6. Masu kare dokar sun ce bambancin ladan ya samo asali ne daga yawan takardun da ake cikewa idan za a miƙa bawa. Kowa dai ya san inda adalci zai kwana ranar da aka ninka wa alƙali lada in ya karkata gefe guda.

Wannan doka ɗaya ce cikin dokoki 5 da suka haɗu suka zama abin da tarihin Amurka ke kira Sulhun 1850. Da aka kammala su an yi ta shagali a Washington, ana buga igwa, ana taya juna murnar an ceto ƙasa daga wargajewa. Shekara 11 bayan nan yaƙin basasa ya ɓarke.

Mu mutane ne da aka rene mu kan girmama sulhu. Alƙur'ani ya ce sulhu alheri ne, kuma a garuruwanmu dattijon da ya iya raba faɗa ya fi mai kuɗi daraja. Sai dai malamanmu ba su taɓa barin maganar haka sakaka ba, domin hadisi ya zo da togiya: sulhu halal ne, ban da sulhun da ya halatta haram ko ya haramta halal. Abin da nake gani game da jerin yarjejeniyoyin da 'yan siyasar Amurka suka yi ta ƙullawa daga 1787 zuwa 1861 shi ne, duk sun faɗa cikin wannan togiya. Ɓangarori biyu na fararen fata ne suke zama, kowa ya sassauta wa ɗan'uwansa, amma abin da suke sassautawa da shi ba nasu ba ne. Rayuwar wasu mutane ce, waɗanda ba a gayyace su zaman ba, ba su da ƙuri'a, kuma a yawancin jihohin Kudu laifi ne ma a koya musu karatu.

Mai karatu zai yi ta cin karo da Arewa da Kudu a nan. Kada zuciya ta tafi Najeriya. A Amurka ta wancan zamani Kudu ce ƙasar manyan gandaye da bayi, Arewa kuma ƙasar masaƙu da bankuna da ƙananan manoma, kuma rigimarsu daban take da tamu.

Tun wajen rubuta tsarin mulki a Philadelphia a 1787 aka kafa tubalin. Wakilan Kudu suka ce sai an ƙirga bayinsu cikin yawan jama'a wajen rabon kujerun majalisar wakilai, na Arewa suka ce ai ku da bakinku kuka ce dukiya ce. Aka tsaya a kan cewa kowane bayi 5 za a lissafa su a matsayin mutum 3. Ma'anar wannan ita ce, duk bawan da aka ƙara haifa ko aka sayo, ƙarfi ya ƙara wa ubangidansa a majalisa da wajen zaɓen shugaban ƙasa. Jikinsa ne ake amfani da shi wajen ƙara ɗaure shi. Ba abin mamaki ba ne da cikin shugabannin ƙasa 12 na farko, John Adams da ɗansa John Quincy Adams ne kaɗai ba su taɓa mallakar bawa ba.

An kuma amince cewa majalisa ba za ta hana shigo da bayi daga Afirka ba sai 1808. A takarda, jinkiri ne na shekara 20 kawai. A ƙasa kuwa, jihar South Carolina ta sake buɗe tashar Charleston a ƙarshen 1803, kuma kafin wa'adin ya cika an sauke 'yan Afirka kimanin 40,000 a wurin. Cikinsu akwai Umar ibn Sa'id, malami daga Futa Toro a Senegal ta yau, wanda ya shafe shekara 25 yana neman ilimi kafin a kama shi. A 1807 aka sauke shi, shekarar ƙarshe ta wa'adin. Ya gudu daga hannun ubangidansa na farko, aka kama shi aka kulle a kurkukun Fayetteville, inda mutane suka riƙa zuwa kallon rubutun Larabci da yake yi a bango. A 1831 ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci, ya buɗe shi da surar Tabaraka, wadda farkonta ke cewa mulki a hannun Allah yake. Ya rasu da tsufansa ana tsakiyar yaƙin basasa, yana bawa. Da an rufe ƙofar nan a 1787, da wataƙila a garinsu zai ƙare rayuwarsa yana karantar da almajirai.

Da yawa cikin waɗanda suka sa hannu a 1787 sun yi zaton bauta za ta mutu da kanta. Auduga ce ta ƙaryata su. A 1793 Eli Whitney ya ƙera injin gurza mai raba auduga da angurya cikin sauri, aikin da a da mutum zai wuni a kai bai tara abin kirki ba. Masaƙun Ingila na neman auduga ido rufe. A 1803 Amurka ta sayi makeken yankin Louisiana daga Faransa kan dala miliyan 15, ƙasa ta kusa ninkuwa. Daga nan tambayar da ta hana kowa barci har zuwa yaƙi ta taso: sabbin jihohin da za a yanka a yamma, na bayi ne ko na 'yanci?

A 1819 jihohi 11 ne masu bauta, 11 marasa ita, kowace da sanata 2. Missouri ta nemi shiga a matsayin jihar bayi. Wani ɗan majalisa daga New York, James Tallmadge, ya kawo gyara cewa a hana shigar da sabbin bayi can, kuma 'ya'yan da za a haifa a 'yanta su in sun kai shekara 25. Majalisa ta yamutse. Bayan an kai ruwa rana, a 1820 aka daidaita: Missouri ta shiga da bayinta, aka ɓallo Maine daga Massachusetts ta shiga a matsayin jihar 'yanci, sannan aka ja layi a kan taswira a digiri 36 da minti 30, aka ce sauran yankin Louisiana da ke arewacin layin ba bauta a cikinsa. Henry Clay na Kentucky, shi kansa mai bayi, ya yi suna a wannan aiki. Thomas Jefferson, wanda ya tsufa a gandunsa na Monticello, ya rubuta wa wani cewa rigimar ta farkar da shi kamar ƙararrawar gobara cikin dare, kuma ya ce abin da aka samu jinkiri ne, ba a yanke hukunci ba tukuna. Ya gano gaskiya, amma shi ma bai saki bayinsa ba.

Ba zan hana layin nan haƙƙinsa ba. Ya kare babban fili daga bauta har shekara 34. Abin da bai yi ba shi ne taɓa halin ko mutum ɗaya daga cikin bayi miliyan 1.5 da ke ƙasar a 1820. Kafin 1860 sun kusa miliyan 4.

Ya kamata a tsaya a kan waɗannan shekaru 40, domin su ne ake kira zaman lafiyar da sulhu ya sayo. Ƙasar noman taba a Virginia da Maryland ta gaji, sai masu gandaye suka gano cewa sayar da mutane ya fi noma riba. Tsakanin 1790 da 1860 an kwashe mutum kusan miliyan 1 daga waɗannan jihohi da maƙwabtansu zuwa gonakin auduga da rake na Alabama da Mississippi da Louisiana. Akwai wani kamfanin fataucin bayi, Franklin da Armfield, mai hedikwata a Alexandria, ƙetaren kogi kaɗan daga fadar gwamnati. Idan rani ya yi sukan jero maza bibbiyu, mari a hannu, doguwar sarƙa ta ratsa tsakiyarsu, mata da yara na biye, 'yan rakiya a kan dawaki da bindiga da bulala. Haka za a taka ƙasa makonni har Natchez. Dab da kasuwa sai a tsaya a yi musu wanka, a shafe su da mai don fata ta yi sheƙi, a rina furfurar waɗanda suka manyanta, a ba su sabuwar riga. Mai saye ya buɗe baki ya duba haƙora, ya tuɓe riga ya duba baya, domin tabon bulala da yawa alama ce ta taurin kai kuma yana karya farashi. Doka ba ta san auren bawa ba, don haka ba abin da ke hana a sayar da miji gabas, mata yamma, ɗa kuma ga wanda ya fi tayi. Duk wannan yana gudana ne a lokacin da littattafan tarihi ke cewa ƙura ta lafa.

Kudu kuma ba ta tsaya a inda aka bar ta ba. Bayan tawayen Nat Turner a Virginia a 1831 dokokin bayi suka ƙara tsanani. Daga 1836 zuwa 1844 majalisar wakilai ta ɗora wa kanta takunkumi: duk takardar koke da ta shafi bauta a ajiye ta gefe ba tare da an karanta ba. Tsohon shugaban ƙasa John Quincy Adams, wanda ya dawo majalisa, shi ya yi ta fama har aka cire takunkumin. A 1837 John C. Calhoun na South Carolina ya miƙe a majalisar dattawa ya ce bauta ba sharri ba ce da ake haƙuri da shi, alheri ce tsantsa. Kakanninsu sun riƙa sunkuyar da kai idan an tayar da zancen. Jikoki kuwa sun koma tinƙaho da shi, kuma ina ganin sassaucin da suka yi ta samu ne ya ba su wannan ƙarfin gwiwa.

Yaƙin da Amurka ta yi da Meziko daga 1846 zuwa 1848 ya kawo sabuwar ƙasa mai faɗi, rigima ta dawo ɗanya. David Wilmot na Pennsylvania ya nemi a haramta bauta a duk abin da aka ƙwato. Majalisar wakilai ta yarda, ta dattawa ta ƙi. Shi Wilmot bai ɓoye ba cewa fararen ma'aikata yake karewa, ba tausayin baƙar fata ya dame shi ba, kuma haka akasarin 'yan Arewa suke. Jihar Illinois ta yi doka a 1853 ta hana baƙaƙe, ko da 'yantattu ne, zuwa su zauna a cikinta. Bankunan New York su ke ba masu gandaye rance, masaƙun Lowell audugar bayi suke saƙawa. Kada wani ya ɗauka waliyyai ne a gefe guda, shaiɗanu a ɗaya gefen.

Da aka gano zinariya a Kalifoniya, jama'a suka yi tururuwa, ta nemi shiga a matsayin jihar 'yanci. Kudu ta fara maganar ɓallewa a fili. Clay, ya tsufa yana fama da ciwo, ya sake fitowa da tsari. Daniel Webster na Massachusetts, wanda Arewa ke alfahari da shi, ya mara masa baya a jawabinsa na 7 ga Maris 1850, har da batun kamo bayi, abin da mutanensa da yawa ba su yafe masa ba. Tsarin ya faɗi da aka kawo shi a dunƙule. Sai matashin sanata Stephen Douglas na Illinois ya yayyanka shi, kowane yanki ya nema masa nasa rinjayen daban. Kalifoniya ta shiga ba bayi. Yankunan Utah da New Mexico aka bar wa mazauna su zaɓa. Texas ta saki wata ƙasa da take da'awa aka ba ta dala miliyan 10. An hana cinikin bayi a birnin tarayya, amma ba a hana mallakarsu ba, kuma fatake ba su yi asarar komai ba tunda kasuwar Alexandria na nan kusa. Kudu kuma ta karɓi dokar kamo bayi. Idan aka duba yadda aka jefa ƙuri'u, 'yan kaɗan ne suka goyi bayan dukkan sassan. Kowane ɓangare nasa ya zaɓa, ya ƙi na abokin hamayya ko ya ƙaurace wa zaman. Ko tsakanin su fararen ma zukata ba su haɗu ba.

Dokar kamo bayi ita ta kai bauta ƙofar gidan ɗan Arewa. Jami'in tarayya na da ikon kiran duk wanda ke tsaye a titi ya taya shi kamu. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Arewa ta daɗe tana cin ribar auduga daga nesa, yanzu an miƙo mata askar.

A watan Mayu na 1854 aka kama wani saurayi, Anthony Burns, a Boston. Ya gudo daga Virginia a ɓoye cikin jirgin ruwa, ya samu aiki a shagon tufafi. Jama'a suka far wa kotun don ƙwato shi, aka kashe mai gadi ɗaya, ba su yi nasara ba. Shugaba Franklin Pierce ya ba da umarnin a yi amfani da sojoji ko nawa ne kuɗin da za a kashe. Ranar 2 ga Yuni aka fito da Burns, sojoji sun kewaye shi da bindigogi har da igwa, aka ratsa da shi titi zuwa bakin teku. Mutane kimanin 50,000 suka cika hanya suna ihu. An lulluɓe gine-gine da baƙin ƙyalle, an rataye tutar ƙasa a kife, an kuma rataye akwatin gawa a saman titi. An ƙiyasta kuɗin mayar da mutum ɗaya tak bauta ya kai dala 40,000. Da aka kai shi Richmond ya yi watanni a ɗaure cikin mari. A shekara ta gaba mutanen Boston suka tara dala 1,300 suka fanso shi.

Labarin Margaret Garner ya fi wannan ɗaci. A watan Janairu na 1856 sanyi ya daskarar da kogin Ohio, ita da mijinta da 'ya'yansu 4 da iyayen mijin suka taka ƙanƙara daga Kentucky suka ƙetara Cincinnati. Kafin su wuce gaba masu kamu suka kewaye gidan da suka fake. Da ta ga ba mafita, ta ɗauki wuƙa ta yanka 'yarta mai shekara 2, ta kuma yi yunƙurin kashe sauran, don kada su koma inda ta fito. Ba mai hankalin da zai halatta abin da ta yi. Amma a dubi abin da ya biyo baya. Lauyanta da kansa ya nemi jihar Ohio ta gurfanar da ita kan kisan kai, domin ta haka ne kawai za ta zauna a ƙasar 'yanci a yi mata shari'a a matsayin mutum. Kwamishinan tarayya ya ce dokar kamo bayi ce a gaba. Aka mayar da ita ga mai ita a matsayin kaya, daga baya aka tura ta can ƙuryar Kudu, inda ta mutu bayan shekara 2. Duk wanda zai yabi Sulhun 1850 sai ya fara bayyana mana yadda za a yi da wannan hukunci, domin ba kuskuren aiwatarwa ba ne. Abin da dokar ta ce a yi ke nan.

Daga nan abubuwa suka riƙa rushewa da sauri. A 1854 Douglas, wanda ke son layin dogo zuwa yamma ya bi ta yankinsa kuma yana buƙatar ƙuri'un Kudu, ya kawo dokar Kansas da Nebraska. Ta shafe layin 1820, ta ce mazauna su zaɓa da kansu. Alkawarin da aka ce ya zauna daram an tashe shi ranar da ya daina yi wa Kudu amfani. A zaɓen Kansas na Maris 1855 masu haƙƙin ƙuri'a ba su kai 3,000 ba, amma an ƙirga ƙuri'u sama da 6,000, saboda 'yan daba ɗauke da makamai sun ƙetaro daga Missouri. A watan Mayu na 1856, cikin mako guda, aka kai farmaki garin Lawrence na masu ƙin bauta, John Brown da mutanensa suka kashe mutum 5 a Pottawatomie, sannan a cikin zauren majalisar dattawa ɗan majalisa Preston Brooks ya samu Sanata Charles Sumner a zaune a teburinsa ya yi ta rafka masa sanda a ka har sandar ta karye. Sumner ya yi shekara 3 bai koma aiki sosai ba. Brooks tarar dala 300 aka ci shi, mazaɓarsa ta sake zaɓensa, masoya suka yi ta aiko masa da sabbin sanduna.

A watan Maris na 1857 Kotun Ƙoli ta rufe sauran ƙofar. A shari'ar Dred Scott, bawan da ubangidansa ya zauna da shi shekaru a ƙasar 'yanci, alƙalai 7 cikin 9 suka ƙi ba shi 'yanci. Alƙalin alƙalai Roger Taney ya rubuta cewa baƙar fata ba ɗan ƙasa ba ne, kuma tun kafuwar ƙasar ana kallonsa a matsayin wanda ba shi da wani haƙƙi da ya wajaba farar fata ya mutunta. Ya ƙara da cewa majalisa ba ta taɓa samun ikon hana bauta a yankunan tarayya ba. Wato layin 1820 tun asali haramtacce ne.

Akwai hujja mai nauyi a ɗaya gefen, kuma ba zan yi kamar ban san da ita ba. Masana da dama na cewa da yaƙi ya ɓarke a 1850, da Kudu ta ɓalle ta tsira da bayinta. Shekaru 10 na jinkiri ne suka ba Arewa damar yin nisa. Layin dogo a ƙasar ya tashi daga mil 9,000 zuwa kimanin 30,000, kusan kashi 2 cikin 3 a Arewa. Baƙi daga Turai suka yi ta kwarara can. Da yaƙi ya zo, mutum miliyan 22 ne suka fuskanci miliyan 9, kuma cikin miliyan 9 ɗin nan miliyan 3.5 bayi ne. Jam'iyyar Republican ma, ta su Abraham Lincoln, mai adawa da faɗaɗa bauta, sai a 1854 aka kafa ta. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai Clay da Webster ba lokaci suke saye don a shirya 'yanta kowa ba. Burinsu a binne maganar har abada, kuma sun faɗa da bakinsu cewa sasantawar ƙarshe ce. Idan alheri ya fito daga baya, ikon Allah ne, ba dabararsu ba. Kuma a cikin shekaru 10 ɗin nan yawan bayi ya ƙaru da kusan 750,000, farashinsu ya yi tashin gwauron zabi, har jimillar kuɗin da aka yi musu ta kai dala biliyan 3 ko fiye, ta zarce abin da aka zuba a layin dogo da masana'antu gaba ɗaya. Jinkirin ya ƙarfafa hannun Arewa, ya kuma ƙara girman abin da Kudu za ta yarda ta mutu a kansa.

Ni ba ina cewa yaƙi ne kaɗai mafita ba. Akwai irin sassaucin da ke da alƙibla. Pennsylvania ta fara 'yantawa sannu a hankali a 1780. New York ta fara a 1799 ta kammala a 1827. Birtaniya ta yi doka a 1833, ta biya masu bayi fam miliyan 20, su bayin ba ta ba su ko kwabo ba. Duk waɗannan akwai zalunci a cikinsu, amma kowanne ya nufi ƙarshen abin. Yarjejeniyoyin Washington kuwa ba wadda ta sa rana. Iyaka kawai suke shatawa, su ce daga nan zuwa can. Majalisar Virginia ta tattauna 'yantawa a hankali a farkon 1832 ta yi watsi da ita, kuma daga nan Kudu ba ta sake yarda a tayar da zancen ba.

Mu ma wannan hali ba baƙonmu ba ne, kuma bai dace mu karanta tarihin wasu muna ɗaga hanci ba. Ƙasar Hausa ta san rinji, ta san cinikin bayi a kasuwanninta. Da Turawa suka zo, sanarwar Lugard ta 1901 ta hana hari da saye da sayarwa, ta ce yaran da aka haifa bayan 31 ga Maris na shekarar 'ya'ya ne, ba bayi ba. Waɗanda ke cikin bauta kuwa aka bar su su nemi fansar kansu ta hanyar murgu da kotunan alƙalai, aka kuma riƙa toshe wa masu gudu hanya, domin Turawa ba sa son ɓata wa sarakuna da masu gandaye rai. Sai a 1936 aka soke bautar gaba ɗaya a Arewacin Najeriya. Nan ma manya biyu ne suka fahimci juna, na ƙasa ya yi jiran shekara 35.

A Amurka tayin ƙarshe ya zo ne bayan Abraham Lincoln ya ci zaɓen 1860 da kusan kashi 40 cikin 100 na ƙuri'u, ba tare da sunansa ya fito a jihohin Kudu 10 ba. South Carolina ta ɓalle ranar 20 ga Disamba. Sanata John Crittenden na Kentucky ya kawo shawarar a maido da tsohon layin, a miƙe shi har tekun Pasifik, a tabbatar da bauta a kudancinsa har da ƙasashen da za a mallaka nan gaba, a kuma rubuta shi yadda ba za a taɓa gyarawa ba. Kowa ya gane Kuba da sauran Meziko ake hange. Lincoln ya aika wa 'yan jam'iyyarsa cewa kada su sassauta kan faɗaɗa bauta, tunda ja-in-jar dole ta zo, gara yanzu da nan gaba. A wannan gaɓa ina tare da shi ɗari bisa ɗari. Amma shi ɗin ma ya ce ba ya adawa da wani gyaran tsarin mulki da majalisa ta zartar a farkon Maris 1861, wanda zai hana gwamnatin tarayya taɓa bauta har abada a jihohin da take. An miƙa wa Kudu mutum miliyan 4 da zuriyarsu a faranti, ta ce bai isa ba. Takardar ɓallewar Mississippi ta faɗa ƙarara cewa matsayinsu a ɗaure yake da bauta. Mataimakin shugaban sabuwar gwamnatin 'yan aware, Alexander Stephens, ya ce ginshiƙinta shi ne baƙar fata ba daidai yake da fari ba. Ranar 12 ga Afrilu 1861 suka buɗe wa sansanin Sumter wuta.

Yaƙin ya ci rayuka aƙalla 620,000, sabon ƙiyasi na kai su 750,000. A cikinsa ne a karon farko waɗanda ake ciniki a kansu suka shigo fage da ƙafafunsu. Dubbai sun gudu zuwa sansanonin sojan tarayya tun kafin a yi shelar 'yanta su, suka tilasta wa gwamnati ta ɗauki matsayi. Baƙaƙe kusan 180,000 suka sa kaki, cikinsu har da Muhammad Ali ibn Sa'id, wanda aka fi sani da Nicholas Said, haifaffen Kukawa ta Borno, wanda ya shiga runduna ta 55 ta Massachusetts a 1863. A 1865 gyara na 13 ga tsarin mulki ya haramta bauta.

Tsohuwar ɗabi'ar ba ta mutu tare da ita ba. Zaɓen shugaban ƙasa na 1876 ya rikice tsakanin Rutherford Hayes da Samuel Tilden, manyan jam'iyyu biyu suka sake zama a farkon 1877. Hayes ya samu kujera, aka janye sojojin tarayya da ke tsare gwamnatocin South Carolina da Louisiana, aka bar 'yantattun bayi a hannun tsofaffin iyayen gidansu. A Louisiana baƙaƙe sama da 130,000 ne ke da rajistar zaɓe a 1896. Zuwa 1904 saura 1,342. Sai a 1965 majalisa ta yi dokar da ta maido musu da ƙuri'arsu a aikace.